Gwaggo Lailatu da Jerin Sunaye Uku

Gwaggo Lailatu ƙanwar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Sara take aure, cikin ƙasar Gwaram, kuma tun da na yi wayo sana'arta guda: ta soya gyaɗa, ta kai inji, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli. Ba ta yi boko ba, allo ta yi. Gajeruwa ce marar yawan magana, wadda in ta ce a'a sau ɗaya ba ta ganin dalilin maimaitawa.

Tana 'yar shekara shida mahaifiyarsu ta rasu. Yayar marigayiyar, Hajiya Turai, ita ta ɗauke ta riƙo, ta koya mata tuya, ta aurar da ita. Shi ya sa Gwaggo ba ta kiranta da komai sai Inna.

Matan garin masu matsar gyaɗa suna da ƙungiya, su casa'in da 'yan kai, kuma Hajiya Turai ta shekara goma sha biyu tana shugabanta. Da can layi ake yi a bayan wadda ake so. Da aka ga layin na haddasa gaba tsakanin maƙwabta sai aka koma takarda: sunaye daga sama zuwa ƙasa, kowane suna da alamarsa a gefe saboda waɗanda ba su iya karatu ba, mace ta shiga bayan labule ta dangwala yatsa. Sau biyu ana yin haka, sau biyun sunan Hajiya ne a sama, don ba wadda ta taɓa kawo wa ranta a rubuta yarinya a kan babba.

Da kakar 2022 aka ɗora wa Gwaggo shirya zaɓe. 'Yan takara uku ne: Hajiya Turai mai alamar turmi, Kulu mai ludayi, Sharifa mai faifai. Ana saura mako biyu, a layin inji, wata tsohuwa mai suna Iya Hapsatu ta ce da ita, "Ni fa wancan karon Kulu na so. Amma ina ganin turmin Hajiya a sama sai hannuna ya ƙi sauka. Ya zan tsallake babba in gangara ƙasa? Ko ƙafarta ai ba na tsallakewa."

Gwaggo ta riƙa bi gida-gida da sunan gaisuwa tana ɗan jan mata da hira. Mata goma sha ɗaya suka faɗa mata kusan wannan magana. Sai ta tuna yadda kakanmu ke raba naman watanda: in an kasa kashi-kashi, kowa ya ba da wani ɗan abu a ɓoye, tsinke ko tsakuwa, a kira wanda bai san komai ba ya ɗora su a kan kason. Ta ce in kowa ya ga da idonsa haka aka jera sunaye, ba mai sake ɗaukar layin sama a matsayin girma.

Kafin ta gaya wa kowa, gidan Hajiya ta fara zuwa.

"Inna, bana ƙuri'a za a jefa a kan jerin sunaye."

"Ƙuri'a kafin ƙuri'a? Naman watanda muka koma?"

"Kamar watandar dai, Inna."

"To kasa ni ki ba kowa tsokarsa. Ni na yi miki kitso, Lailatu, ni na wanke ki na kai ki ɗakin miji. Yau ke za ki ɗora Sharifa a kaina, yarinyar da na ci tuwon sunanta?"

"Ba ni zan ɗora ba. Wataƙila ma ke ce a saman."

"In ba ni ba ce fa?"

"Sai a buga yadda ya fito."

Hajiya ta dube ta har sai da Gwaggo ta sunkuyar da kai. "In kika buga ni a ƙarƙashin yara, kada bakinki ya sake ce mini Inna."

Ranar Alhamis bayan la'asar mata suka taru a filin Islamiyya. Gwaggo ta zana da'ira uku a ƙasa, ɗaya bisa ɗaya. Ta miƙa ƙwarya a rufe da gefen mayafi. Kulu ta jefa tsinken tsintsiya, Sharifa ɓawon gyaɗa, Hajiya kuwa ta wurga ƙwallon dabino ba tare da ta dubi mai riƙe da ƙwaryar ba. Aka leƙa hanya aka tare Malam Jafaru, mai tallan kanwa a kan keke, baƙo daga wajen Surko.

"Ni da na fito neman abinci, me ya haɗa ni da shari'ar mata?"

"Ajiye kawai, Malam," in ji Kulu, "ba aurenka za mu yi ba."

Ya yi bisimilla ya ajiye abubuwan cikin ƙwaryar, ɗaya a kowace da'ira. Tsinke a sama, ɓawo a tsakiya, ƙwallon dabino a ƙasa. Dariyar da ake yi ta ɗauke. Hajiya ta gyara mayafi ta fice, ko takalminta ɗaya ba ta saka daidai ba.

Washegari Gwaggo ta shiga mota zuwa Birnin Kudu, shagon wani Abdulnasir mai buga takardu, da jerin da magatakardar ƙungiya ta rubuta. Ya ce ta dawo bayan sallar Juma'a. Da ta dawo ya miƙo mata ɗauri mai kyau. Ba ta iya karanta sunayen ba, amma ta san turmi, kuma turmi ne a sama.

"Wa ya ce ka hau da shi?"

"Ai gyara na yi miki, Gwaggo. Na ga an yi kuskure an sa Hajiya guda a ƙasa. Uwata ma ba za ta yafe mini ba in na buga haka."

Ta zauna a bencin shagon da ɗaurin a cinya. Daga baya ta gaya mana cewa a nan ne zuciyarta ta fi yi mata nauyi. Da ta koma da takardun haka, ba mai ganin laifinta, sai a ce na mai shago ne, ita kuma ta samu Innarta.

"Sake bugawa," ta ce.

"An ɗauke wuta, janareta kuma ba mai."

"Ina nan."

Tana nan har aka samo man. Ta tsaya a kansa tana kallon ludayi ya koma sama, sannan ta kekketa na farkon da hannunta, guda ɗari, don kada ko ɗaya ya bi wata hanya ya isa Sara.

Ranar zaɓe mata casa'in da biyu suka dangwala. Kulu ta samu arba'in da ɗaya, Hajiya talatin da bakwai, Sharifa sha huɗu. Cikin talatin da bakwai ɗin akwai yatsan Gwaggo. Da bakinta ta faɗi sakamakon, amma da ta isa gida ta kasa cin abinci.

Da gari ya waye ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin Hajiya. "Inna, ina kwana?" Hajiya ta juya fuska bango. Kashegari ma haka. Mijin Gwaggo, Malam Yunusa, ya ce ta ɗan ɗaga ƙafa har zuciyar tsohuwa ta huce, kada ta zama abin kallon unguwa.

"Ita ta ce kada in kira ta," in ji Gwaggo. "Ni ban ce na daina ba."

Mako bakwai tana zuwa kullum kafin ta hura wutar tuya. Wata safiya ta tarar da Hajiya a tsakar gida da ƙwaryar wake a gabanta, tana lalube. Gwaggo ta gaishe ta yadda ta saba, ta jira, ta yunƙura za ta tafi.

"Ina za ki?" in ji Hajiya, ba ta ɗago ba. "Kina gani idona ba ya rarrabe tsakuwa, kin tsaya mini a ka kamar icen shanya."

Ta turo ƙwaryar da ƙafa. Gwaggo ta ja ta gabanta ta fara tsinta. Har yau Hajiya ba ta sake taka taron ƙungiya ba, kuma maganar zaɓe ba ta ƙara shiga tsakaninsu ba. Ran nan dai sai da rana ta take kafin Gwaggo ta ɗora kasko.