Jajayen Kifin Kududdufin Zinyau

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wata safiyar Asabar, ina tsaye cikin kududdufin bayan gidanmu a Zinyau, laka har gwiwa, riƙe da ƙwarya, Kawu Sale ƙanin babana yana tace ruwa da tsohon gidan sauro. Wasu ƙananan kifaye yake nema, jajaye, ba su kai ɗan yatsa ba, ba a ci, ba a sayarwa. Ya ce ƙwansu cikin busasshiyar laka yake kwana duk rani, sai ruwa ya sauka su ƙyanƙyashe. Sauri yake yi, don sabon kansila ya sayi filin, zai cike kududdufin ya yi shaguna.

Randa biyu Kawu ya girke a gindin darbejiya, ɗaya ta jajayen namu, ɗaya ta wasu masu shuɗin wutsiya da ya samo a Unguwar Gai. Ko ƙwaryar ɗiban ruwa kowace da tata. "In suka haɗu, 'ya'yan ba na kowa ba ne," in ji shi. Ni kuwa dama ƙafata ba ta zama. Da an tashi makaranta sai in wurgar da jaka, in tsallake wanke-wanke, in bi tsofaffin gwangwanaye ina kwaso musu tsutsar sauro. Inna ta yi ta mita, wai ta haifi 'ya mace ta zama sarkin ruwa.

Ranar da Kawu ya tafi kasuwar Rano, maƙwabta suka aiko aron randa, suna da taron suna. Wa zai hana? Inna ta juye ɗaya cikin ɗaya, ta ɗauraye ta miƙa. Na dawo na gani, na fashe da kuka. "Ke tafi can, kifi ai kifi ne," ta ce. Kawu ya dawo daga kasuwa ya tarar da kifayen a gauraye. Ya tsuguna har la'asar yana tsince su, amma matan kifayen duk ruwan toka ne, ba mai bambance su. Da damina ta zagayo ya jiƙa lakar gindin randar da ya adana, abin da ya fito ba ja ba shuɗi. Kududdufin kuwa an riga an cike shi.

Yau shagon cajin waya ne a wurin, 'ya'yana kuma tarwadar tanki kaɗai suka sani. Duk ruwan fari sai in kasa zaune in kasa tsaye, ina leƙa kowane rami a hanya, kuma haushin bai sake ni ba, ga shi ban san wa zan ɗora wa laifi ba. Ashe kunyar maƙwabci ma tana kashe iri.