Wa'azin da Ya Kusa Mayar da Baba Ƙarfi

Ni ban yi makaranta ba. Ajin yaƙi da jahilci na shiga a Malumfashi, rani biyu, har na iya haɗa baƙi da wasali. Abin da na iya da gaske shi ne auren mangwaro. Shi nake yi a wani gandun dashe a bayan garin Funtua: ka yanko reshen mai zaƙi, ka tsaga ɗan gida mai zare, ka cusa, ka ɗaure. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara gardama. Amma akwai abu ɗaya da na yi wanda har gobe nake faɗinsa da ƙarfin murya.

Mu Maguzawa ne na wajen garin Ƙarfi. Ni na fara karɓar bishara a gidanmu. Baba bai kore ni ba, bai kuma bi ni ba, ya ci gaba da yanka wa iskokin gida bunsuru duk faɗuwar damina. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai ƙafarsa ta kumbura, na ɗauko shi a motar auduga ya zo Funtua magani. Zaman ɗaki ya ishe shi, sai ya fara bin mu majami'a. Yawancin masu zuwa 'yan kasuwa ne mutanen kudu, mu Hausawa ba mu cika benci uku ba. A Lahadi ta huɗu, muna hanyar gida, ya tambaye ni yadda ake yi wa tsoho baftisma. Ƙwallar murna ta zo mini, na yi kamar ƙwaro ya faɗa mini ido.

Lahadin da ta biyo fasto ya yi tafiya, aka ba wani dattijon ikilisiya wa'azi. Mai kantin yadi ne, mutumin kudu, ya daɗe a Funtua har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Mutumin kirki ne, ba zan ci masa zarafi ba. Ya yi magana a kan itacen zaitun. Ya ce Yahudawa su ne mutanen Allah na fari, suka ƙi ji, Allah ya sare su ya jefa wuta, an gama da su har abada, ya ɗora mu rassa masu kyau a gurbinsu. Har ya nuna ni ya ce, "Ga mai auren mangwaro nan, ku tambaye shi. Mai kyau ake ɗorawa." Aka yi dariya, ni kuwa kaina ya kumbura.

Muna isa gida na tarar Baba yana naɗe tabarmarsa.

"Ina zuwa, Baba?"

"Gida. Kai, Yahudawan nan, shekara nawa suka yi a gidan Allahn naku?"

"Da yawa, Baba. Amma sun yi laifi."

"Kai ba ka yi mini ba? Ka bar iskokin kakanka, ka ƙi cin naman yanka a gaban 'yan'uwana. Na fitar da kai daga gandu? Mai gidan da ya kori ɗan fari, ni da na zo masa da furfura da warin giya, kwana nawa zan yi kafin ya nuna mini ƙofa?"

Na roƙe shi ya ba ni mako guda. Ya ce ya ba ni, ranar Litinin ta sama zai hau mota.

Na riƙe wurin da dattijon ya ce ya ɗauko wa'azin. Kullum da azahar, abokan aiki na hutawa, ni ina gindin rumfar dashe da Littafina Mai Tsarki na Hausa, yatsa a kan layi. Kwana uku na yi a shafi ɗaya. Na karanta, na ce ni ne ban gane ba, na sake. A kwana na huɗu na wanke ƙafa na nufi kantinsa.

"A'a, Malam mai mangwaro! Yau uwargida za a yankar wa yadi?"

"Dattijo, wa'azinka na zo mayar maka. Bai yi ba."

"Mayarwa? An ce maka atamfa ce?"

Na buɗe Littafin a kan bandir ɗin yadi na ce ya karanta da ƙarfi. Ya sa tabarau ya fara da sauri, can sai ya rage.

Na ce, "Wane reshe aka ce an ɗora?"

Ya ce, "Na jeji."

"To mu ke nan, ni da kai. Babu manomin da ke haka. In na ɗora na jeji a kan itace mai kyau, ranar za a sallame ni. Allah ya yi haka ne don kada wani ya ce kyansa ya kawo shi. Bangaskiya kaɗai ta riƙe mu a wurin. Sannan duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ban taɓa ganin reshe ya shayar da saiwa ba. Saiwar ta Yahudawa ce, mu muke sha. An ma ja mana kunne kada mu yi musu fahariya. Ci gaba."

Ya ci gaba. Ya ga ba duka rassan aka karya ba, wasu ne, kuma waɗanda aka karya ɗin Allah na da ikon mayar da su kan itacensu. Ya ga manzon da ya rubuta ma Bayahude ne, kamar Almasihu kansa.

Ya cire tabarau, ransa a ɓace. "Haka aka koya mana tun muna yara."

"Ni ma yanka wa iskoki aka koya mini."

"So kake in tsaya gaban jama'a in ce na yi kuskure? Ni?"

"Tsohona zai koma Ƙarfi ranar Litinin, bakinka ne ya ɗaure masa kaya. Ni abin da na sani ke nan."

Bai ce zai yi ba. Wata mata ta shigo neman yadi, ya juya wurinta, na ɗauki Littafina na fita.

Ranar Lahadi, bayan sanarwa, sai na ga dattijon ya miƙe. Ya nemi izinin fasto, ya ce makon jiya ya faɗi abin da ba shi ke rubuce ba, kuma mai dashe ne ya gyara shi, a kantinsa, a kan yadinsa. Ya karanta wurin dukansa, bai tsallake ko layi ba. Ni da ba ni da takardar ko aji ɗaya, na zauna a bencina ƙirjina kamar zai tsage riga.

Da aka tashi Baba ya dogara sandarsa har gaban dattijon.

"Mai kanti, wato bai kore su ba?"

"Bai kore su ba, Baba. Ƙofar a buɗe take."

"Har ga na farin?"

"Su ma ai gidansu ne tun asali."

Baba ya jinjina kai. "To, mai gida irin wannan ana zama da shi. Wace rana ake koyon baftismar?"

"Laraba da la'asar."

"Ina zuwa. Amma ka gaya wa mai koyarwar ya rage sauri, ni ba yaro ba ne."