Ruwan da Baffa Ya Kawo Mini daga Challawa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a sashen kimiyyar haɗa sinadarai, aka ba kowa aikin binciken da sai da shi ake fita. Nawa ya faɗa kan ruwan da kamfanonin fata na Challawa ke zubarwa. Malamin da ke duba aikina ya gaya mini tun farko cewa maganin gwajin da ya rage a sashen na kwalba goma sha biyu ne kacal, kuma ba a san ranar zuwan wani ba. In na ɓata shi, sai baɗi.

Sau uku ina zuwa ƙofar wani kamfani da takardar makaranta, masu gadi suna kora ta kamar na zo satar akuya. Sai na tuna da Baffa, yayan mahaifina, wanda ya shekara tara yana wankin fata a can. Na same shi a gidansa a Dorayi, na ba shi kwalabe, na roƙe shi ya riƙa ɗebo mini daga bakin magudana in ya tashi daga aikin safe. Ya karɓa da hannu biyu. Duk gidanmu ni ce na fara shiga jami'a, kuma Baffa ji yake da abin fiye da ni.

Shashancina, ban yi masa wani bayani ba. Ni dai na ce ruwa.

Duk Asabar yake kawo mini har makaranta a kan kekensa. Na ga ruwan garau, ba wari sosai, amma na ce wataƙila haka yake in ya kwana. Na gwada duka sha biyun. Malamina ya duba sakamakon, ya cire tabarau ya dube ni.

"Wannan ruwan Challawa ne ko na famfo? Je ki binciko."

Na je Dorayi ranar Juma'a da yamma. A tsakar gida na ga bokiti an ɗaure bakinsa da farin ƙyalle, ga ƙullin alif a gefe, irin wanda ake jefawa a randa don laka ta kwanta. Na juya wurin Baffa na tambaye shi.

"Baffa, me kuke yi da wannan?"

"Na ruwanki ne, 'yar nan. Ai ba ki ga yadda yake fitowa ba, baƙi ƙirin, ga gashi ga kitse. Ruwan da za a kai gaban manyan malamai, in kai shi haka in ba ki kunya? Sai na tace shi sau biyu, in sa alif, ya kwana."

Yana faɗa yana murmushi, hannuwansa duk sun tsage da ruwan da nake nema in auna. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki, amma me zan ce? Mutum ya fito daga aiki a gajiye ya zauna yana tace mini ƙazanta. Cewa na yi, "Allah Ya saka da alheri, Baffa." A motar komawa na yi kukana.

Na roƙi malamina, na je wajen shugaban sashe, na bi ofis-ofis har takalmina ya tsinke. Kowa ya tausaya, amma magani babu, lokaci kuma ya ƙure. Da aka manna sunayen masu fita a allon sanarwa, na karanta sau biyu duk da na san babu nawa. Ƙawayena suka tafi hidimar ƙasa, ni na koma ɗakin kwanan ɗalibai.

A gida na ce kayan gwaji ne suka ƙare, ban ƙara komai ba. Da labarin ya kai wa Baffa, ya tako kekensa har gidanmu, ya zauna a zaure ya sa aka kira ni. Da na fito ya ce, "Gaya mini gaskiya, 'yar nan, ko ruwan ne bai yi musu haske ba? Da kin faɗa, ai da na ƙara alif."

Na ce masa a'a, Baffa, ruwan ya yi haske.