Kwabon Dako na Hajiya Falmata

Katsina

Ana kiran assalatu na fito daga gida, ga ciwon baya ga guntun barci. Na fara tsufa da zaman mota, amma mai tara tsofaffin kuɗi ba ya jin magana. Wani tela a Kano, Malam Bukar, shi ya turo min hoton kwabon tagulla da mahaifiyarsa ta gada. Ba kuɗin gwamnati ba ne, irin wanda kamfanin gyaɗa ke miƙa wa ɗan dako ne a zamanin Turawa in ya sauke buhu, da yamma ya mayar a biya shi. A hoton ya yi baƙi ƙirin, amma ana hango tambarin kamfanin dishi-dishi. Na ce masa in tambarin na gaske ne ina da mai saye a Legas, kuma abin da zai bayar ya isa a yi wa tsohuwar aikin yanar ido.

Hanya

Mu huɗu aka cusa a baya. A shingen Kankiya wani jami'i ya zazzage jakata, ya ga anini da sisi da gilashin da nake duba rubutu da shi.

"Baba, bokanci ake taɓawa ne?"

"Da bokanci ne, da a motar haya za ka gan ni?"

Ya yi dariya ya sallame mu. A Bichi taya ta yi faci, muka tsaya a rana ina cin ƙosai mai sanyi.

Kano

Na sauka wajen Ƙofar Dawanau gab da azahar, ƙafafuna sun kumbura. Ɗan adaidaita ya yi ta zagaye da ni kafin mu sami unguwar Zaitawa. Malam Bukar ya tare ni a bakin lungu, ya shigar da ni har gaban mahaifiyarsa, Hajiya Falmata. Barebari ne, amma kakanninsu ma a nan aka haife su. Ta hana a yi maganar komai sai da na ci shinkafa da wake na sha fura.

Sannan ta kwance bakin mayafinta ta miƙo min, hannun ya ɗan kauce daga inda nake. Kwabon na ta ƙyalli kamar sabon zobe. Na sa hannu na karɓa.

"Hajiya, wanke shi aka yi?"

"Haba Malam, ka taso tun daga Katsina in ba ka abu da dauɗa? Ni da kaina na zauna masa jiya, da toka da lemon tsami da yashi. Tunda ba gani nake ba, ban bari ba sai da na ji ya yi sumul a yatsana."

Na sa gilashi, na juya shi a haske, na sake juyawa. Babu tambari, babu ko harafi ɗaya. Baƙin da ta kira dauɗa shi ne shaidar shekarunsa, ɗan kaushin da ta goge kuma shi ne sunan kamfanin. Abin da ke tafin hannuna tagulla ce kawai mai huda, ko maƙeri ba zai taya ba.

"Ya yi kyau ko?" in ji ta.

"Ya yi kyau, Hajiya."

A soro na gaya wa Malam Bukar gaskiya. Ya jingina da bango ya ce, "Don Allah kar ta ji daga bakinka. Ka tafi da shi, ka ce mai sayen na dubawa."

Komawa

Ban iya cin komai a hanya ba. Na iso gida ana sallar magariba, jiki duk ya yi tsami. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa mutanen Zaitawa da karamcinsu. Ina cire takalmi waya ta yi ƙara, lambar Malam Bukar, amma muryar Hajiya ce.

"Malam, ka sauka lafiya? Na manta in ce maka, in mutumin Legas ya ga da sauran dauɗa, ka dawo min da shi in ƙara gogewa."