Yashin Baffa

Baffana ne ya cire ni daga makaranta ina aji biyar, ya zaunar da ni gaban tulin yashi da rariya a hannu. Abin da ya yi mini ke nan, babu wani kwana-kwana. Har yau in na wuce inda magina ke tankaɗe yashi, na ji wannan ƙarar, sai bakina ya yi ɗaci.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo gari ne. A Fagge masinja ma ya sayi sabon babur, tela ya rataya rediyo a ƙofar shago. Kowa na neman arzikin da babu gumi a cikinsa, Baffa kuwa shi ne limaminsu. Ya gwada kwangilar siminti ya faɗi, ya gwada dillancin motoci ya faɗi. Mahaifina ya rasu, riƙonmu ni da Inna ya koma hannunsa, muna zaune a ɗaki guda cikin gidansa.

Akwai wani ɗan Ibo mai shagon fitilun gas a Sabon Gari, wanda ya taɓa aikin akawu a kamfanin kuza a Jos. Cikin hira ya gaya wa Baffa cewa farar safar nan da ake ɗaura wa fitila, wani sinadari ne ke sa ta haske, sunansa toriyam. Ya ce yana nan cikin yashin da ake zubarwa bayan an wanke kuza, kuma Turawa na cewa wata rana da shi za a ba garuruwa wutar lantarki. Bawan Allahn nan hira kawai ya yi, bai ce a je a ɗebo ba. Amma kunnen Baffa rabin magana yake ji. Ya ɗauki hayar mota, ya tafi Jos, ya dawo da buhunan yashin da ko kyauta ba mai so.

Aka jibge su a ɗakinmu, Inna ta koma kwana a tsakanin buhuna. Baffa ya kunna fitilar gas da rana tsaka, ya tara maƙwabta yana nuna musu safar. Wai mai zai ƙare, kuma ranar da ya ƙare gwamnati da kanta za ta zo Fagge ta durƙusa masa. Sai dai yashin na buƙatar mai tacewa. Ya dubi 'ya'yansa biyu, ya dube ni, ya miƙo mini rariya.

Hedimasta ya zo har ƙofar gida, ya ce yaron nan yana da kai, a bar shi ya ƙarasa. Ina tsugune ina ji Baffa ya ce, "Malam, me za ka koya wa wanda zai haskaka Kano?" Hedimasta ya ce to nasa 'ya'yan fa? Baffa ya ce ai kamfanin da zai kafa zai buƙaci injiniyoyi. Ka ji rashin kunya.

Haka na zauna. In tankaɗe, in wanke a ƙwarya, in bi da mayen ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar rediyo, in ware mai nauyin in zuba a gwangwanin madara. Da bazara ƙura ta cika mini hanci, da damina yatsuna su yi fari su tsattsage. Kowace safiya 'ya'yan Baffa su wuce ni da fararen riguna. Wata Bayarabiya maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa, in ta gan ni sai ta ce, "Injiniya, yaushe za a kawo wutar?" Ba mugunta take ba, takan miƙo mini ƙosai. Ita kaɗai ce ta taɓa ce wa Baffa ya ji tsoron Allah.

Ba wanda ya zo saye. Ba gwamnati, ba Bature, ko mahaukaci. Buhuna suka ruɓe, maƙwabta suka riƙa ɗiba suna cike kwatami, sauran aka yaɓe bangon ban ɗaki da shi. Baffa ya koma maganar kiwon kaji kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa na yi gemu, wane aji zan koma? Na yi dako a kasuwar Singa, daga baya na koyi gyaran janareta a Sabon Gari. Mai haskaka Kano ke nan, yau da duhun Kano nake cin abinci.

Kwanakin baya ya aiko a kira ni. Ya tsufa, ido ya tafi, injiniyoyinsa suna Abuja, sai dai aike. Na ɗauka gafara zai nema, kamar yadda tsofaffi ke yi in sun ji jiki. Ashe jarida aka kawo masa ta Turanci, an ce masa akwai labarin toriyam a ciki. Ni ma na ji a rediyo: wasu ƙasashe na gwada shi a madadin yuraniyam, makamashin tashoshin nukiliya, wai ya fi yawa a ƙasa, dattinsa bai kai na wancan daɗewa ba. Na kuma ji cewa shi kaɗai ba ya ba da wuta, sai an gina masa tasha ta musamman da masana a kai. Ba aikin rariya ba ne.

Ya miƙo mini jaridar yana murmushi da baki ba haƙori. Ya ce, "Ba na faɗa ba? Karanta mini, ka ji ko ƙarya na yi."

Na karɓa, na juya ta, na mayar masa a cinya. Na ce, "Baffa, ban iya ba. Kai ka san inda karatuna ya tsaya. Yashinka zai iya jira har tashin duniya, ba abin da zai same shi. Yaro ne ba ya jira. Kira waɗanda ka bari a makaranta su karanta maka."