Igiyar Cajin Rahmatu Ukasha

Ƙarfe bakwai na safe ɗan acaɓa ke sauke Malama Rahmatu Ukasha a ƙofar ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can tsakanin Makarfi da Ikara. Kafin ta zauna sai ta leƙa batirin sola, ta goge kwamfuta da gefen mayafinta, ta zaro wayarta daga jaka ta jona da wata doguwar igiyar caji. Shekara talatin da biyar ta yi tana aikin lafiya, biyar ɗin ƙarshe da wannan igiya a hannu. Watan jiya ta yi ritaya. Aka sallame ta da agogon bango da katan ɗin lemo, rabinsa ma masu jawabi ne suka shanye.

A shekarar korona wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutar, domin likita daga Zariya ya riƙa duba marasa lafiya ta allo duk ranar Talata. Manhajar likitocin a kwamfutar kaɗai take aiki. Kyamarar da ta zo da ita kuwa, ranar da baƙi suka tafi aka ce an kai ta ajiya. Mun san irin ajiyar, har yau ba ta dawo ba. Likita yana jin tari, ba ya ganin mai tarin.

Da wani ne, da ya rubuta rahoto ya kama gyangyaɗi. Rahmatu ta hau mota ta tafi kasuwar Makarfi, ta zauna a bencin masu gyaran waya har aka nuna mata yadda waya ke zama idon kwamfuta. Ta sayo igiya mai tsawon kamu shida. Kowa ya yi mata dariyar tsawon, ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Ashe ta san matanmu fiye da mu mazansu. Mace a nan ba ta buɗe jikinta gaban namiji, ko da a cikin allo yake. Sai Rahmatu ta ja igiyar nan har bayan labule, ta kai wayar daidai wurin da ke ciwo, ta tsayar da ita nan. Likita ya ga ƙurji ko kumburi, bai san na wace ce ba.

Ni shaida ne, domin goggona Lantana ta yi shekara guda tana ɓoye wani kullutu a nononta, ko mijinta bai sani ba. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Yaya Lantana, ba zai ga fuskarki ba. In ba kya son ya ji muryarki ma, ni zan yi magana."

"Rahmatu, namiji ne fa."

"Namiji ne, amma idonsa a hannuna yake. Abin da na nuna masa kawai yake gani."

A makon da likita ya duba ta aka tura ta Zariya, aka yi mata aiki. Ga ta nan tana sussukar masararta, tana yi mana faɗa.

Ke ce mai idon likita, Rahmatu. Ke ce kika hana kira shiga wayarki duk ranar Talata, 'ya'yanki su neme ki su rasa, don kada hoton ya yanke a tsakiyar duba wata. Batirinta ya kumbura sau biyu saboda zafi, kika canza ba ki gaya wa kowa ba. Mata suka riƙa zuwa daga Gazara, har daga Likoro ta Kudan, suna tambayar ina asibitin labule yake.

Bara labari ya kai sama. Manya suka zo da motoci huɗu, aka miƙa wa wani shugaban sashe lambar yabo, mutumin da sai da aka nuna masa inda ake kunna kwamfutar. A hoton da aka ɗauka, gefen hijabin Rahmatu kawai ya fito. Bayan kwana tara nata tukuicin ya iso: takardar tuhuma, wai da izinin wa ta jona wayar kanta da kayan hukuma. Na karanta takardar da idona, raina ya ɓaci, har yanzu kuma bai huce ba.

Aka kawo sabuwar kyamara, aka ɗaure ta da kusa a saman allo don kada ita ma a kai ta ajiya. Ba ta juyawa, ba ta kaiwa labule. Fuska take gani, sai silin. Ranar da Rahmatu za ta bar aiki ta ce za ta bar wa asibitin wayar da igiyar kyauta, aka ce doka ba ta yarda ba.

Mun gode, Malama Rahmatu. Allah ya saka miki da abin da mu muka kasa, ya ƙara miki lafiya da tsawon rai. Ku kuma matasan ma'aikata da kuka gaji kujerarta, gidanta ba nisa, igiyar tana nan nannaɗe a jakarta. Ku je ta koya muku, ku kuma dami na sama har su sa hannu. Masu sa hannun, ku zo wata Talata ba tare da mai ɗaukar hoto ba, ku ga bencin mata yadda ya koma wayam.

Ina wannan roƙo ne da dalili. Goggo Lantana ta sake jin wani abu a ƙarƙashin hammatarta. Talatar da ta wuce na ɗauke ta a mashin na kai ta. Ta zauna gaban sabuwar kyamarar, ta gaida likita, ta tambaye shi iyali da gajiya, ta miƙe ta fito. Na tare ta a ƙofa na ce, "Goggo, ba ki nuna masa ba?"

Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Kai ni gida, Muktar. Ni ba fuskata ke ciwo ba."