Gwiwar Kawu Tseng

A tashar jirgin ƙasa ta Taichung, Kuo mai gyaran famfo yana satar kallon wata mata da ke zaune kusa da shi. Gajera ce mai furfura, tana cin dafaffen ƙwai, ɗaya hannun yana kan waya. Manhajar rabon aiki ce ta buɗe, irin ta kamfaninsu, amma tata ta 'yan ofis ce: sunayen ma'aikata a jere, tana jan su da yatsa daga wannan gida zuwa wancan. Shi kuwa maɓalli biyu aka ba shi, "Na karɓa" da "Na gama".

Ga ta nan ta kira wani. "Maigida, hawa shida ne fa, kuma da ƙafa! Gwiwar Kawu Tseng ta ƙarfe ce? Na cire shi, ka yi ta faɗanka."

Kuo yana shafa tasa gwiwar. Ko a mafarki bai san Tseng ba, amma don hassada ji yake kamar ya shaƙe shi. Shekara tara yana danna "Na karɓa", ba wanda ya san yana da gwiwa.